A riƙa gaya mana irin gidajen da guguwa ta faɗa wa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni kafinta ne, sana'ata buga rufin kwano, shekara 19 ke nan ina zaune a Agege. Na rubuto ne kan yadda kuke kawo labarin guguwar nan mai juyi ta Amurka da suke kira tonado. Duk shekara sai mun karanta cewa ta afka wa wata jiha, ku ce ta kai matakin EF3 ko EF4, ku faɗi adadin mamata, shi ke nan an wuce. Yarana na wurin aiki sun ɗauka wata na'ura ce ke auna iskar ta ba da lambar. Ni ma haka na ɗauka, har sai da ɗana ya zaunar da ni ya warware mini.

Ashe sai ƙura ta lafa ne masana ke zuwa su duba ɓarna, su ga irin ginin da ya faɗi da yadda aka gina shi, sannan su ƙiyasta ƙarfin iskar. Wani masani mai suna Ted Fujita ne ya fito da ma'aunin a 1971, aka yi masa gyara a 2007, yana tashi daga EF0 zuwa EF5, ita EF5 ɗin ita ce iskar da ta haura kilomita 320 a awa. A watan Mayun 2013 guguwa ta ratsa tsakiyar garin Moore a jihar Oklahoma, ta kashe mutum 24, har da yara a makarantar firamare, aka ba ta EF5. Bayan kwana 11 wata ta sauka kusa da El Reno, faɗinta ya haura kilomita 4, ba a taɓa auna mai faɗinta ba, amma da yake galibi gonaki ta bi, EF3 aka ba ta.

Amurka na ganin irin wannan guguwa kusan 1,200 a shekara, mafi yawansu ƙanana ne. 'Yan kaɗan ne ke yin kisa mai yawa, kamar ta Joplin a 2011 da ta hallaka sama da mutum 150. Amma wadda ta fi kowacce kisa a tarihi a Bangaladesh ta faru, a watan Afrilun 1989, inda kimanin mutum 1,300 suka rasu a ƙauyukan talakawa masu gidaje marasa ƙarfi. Ko a can Amurka, masu kwana a gidajen tafi-da-gidanka, wato gidaje marasa nauyi da ake iya ja da mota, su ne suka fi mutuwa, musamman idan da dare ta zo. Wannan ne ya tsaya mini a rai, domin abin da hannuna ke taɓawa ne kullum.

Mu nan Legas, alhamdu lillahi, ba mu da irin tasu. Amma iskar farkon damina, a Maris da Afrilu, ta ishi mai ɗakin kwano tashin hankali. Shekara biyu da suka wuce aka ba ni aikin rufin wani gidan haya mai ɗaki 12 suna kallon juna. Na ce wa mai gidan a sayo rodi a ɗaure katakon rufin a jikin bulo, a kuma yi amfani da ƙusa mai hula. Ya ce kuɗin ya yi yawa, in buga kawai. Na buga, kuma har yau abin na damuna. Hadarin farko da ya taso bayan la'asar, iska ta shiga ta ƙarƙashin baranda ta ɗaga rufin ɓangare guda ɗungurungum, katako da kwano, ta kifa shi a layin baya. Da na isa na tarar da wata baiwar Allah mai sayar da koko zaune a bakin kwata, an ɗaure mata hannu da ɗankwali, jini ya jiƙe shi, falle ɗaya na kwano ya tsarge ta daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Katifu da littattafan yara na iyo a cikin ɗakuna. Gidan da ke jikinsa, wanda aka ɗaure rufinsa, ko falle ɗaya bai ɗaga ba.

Don haka, ranka ya daɗe, roƙona shi ne idan za ku kawo labarin guguwa, ta can ko ta nan, ku gaya mana a wane irin gida mutanen suke, da rana ne ko da dare, kuma gargaɗi ya iso musu ko bai iso ba. Sannan hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da gargaɗin iska da ruwa mai ƙarfi. Ku riƙa fassara shi da Hausa kuna sakawa a shafinku da wuri, saboda 'yan uwanmu na Mile 12 da Idi-Araba, masu kwana a rumfuna da shagunan kwano, da yawansu ba sa karanta Turanci. Kafin damina mai zuwa kuma ku aiko wakilinku ya zagaya da mu kafintoci, mu nuna masa yadda ake ɗaure rufi da abin da yake ci, ko masu gidajen haya za su gani.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani kafinta daga Agege, Legas