Ki Buɗe Masa Riga Ki Ƙirga

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da kuma nawa ɗan maigidan, wanda ya hana mu barci shekaranjiya. Da kika kira ni ƙarfe biyun dare muryarki na rawa, kina cewa yaro yana numfashi kamar wanda ya sha gudu, ya yi shiru, ya sake ɗauka, iyakar abin da na ce miki shi ne ki buɗe masa riga ki ƙirga. Kika ƙirga 46, na ce ki je ki kwanta. Na ji a muryarki ba ki gamsu ba, kuma da gaskiyarki, tunda ban faɗa miki dalili ba. Shi ya sa na zauna na rubuto miki, ki ajiye ki riƙa dubawa.

Huhu ba ya jan iska da ƙarfin kansa, jan sa ake yi ya buɗe. A ƙarƙashinsa akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, tana kife kamar kwano. Idan ta ɗaure sai ta sauko, haƙarƙari ya ɗaga, ƙirji ya ƙara faɗi, iska ta kwararo ta cike gurbin. Idan ta saki, huhu ya koma yadda yake, iskar ta fita. Aikin zugazugin maƙeri ke nan. Haƙarƙarin jariri yana da laushi, bai iya taimakawa sosai ba, kusan duk aikin yana kan wannan tsoka. Saboda haka ne kike ganin cikinsa ne ke hawa da sauka fiye da ƙirjinsa. Shaƙuwarsa da ke damun ki ma tsokar nan ce take zabura. Shi ko a jikinsa.

Iskar tana shiga ta hanci, inda ake ɗumama ta, a jiƙa ta, gashi da majina su tare ƙura. A watannin farko jariri kusan ta hanci kaɗai yake shaƙa, ga ƙofar 'yar ƙarama, don haka ɗigon majina ko nonon da ya biyo ta nan ya isa ya sa ki ji yana gurgur kamar wani babban abu ya faru. Daga hanci sai maƙogwaro, inda hanyar iska da ta abinci suka haɗu. Akwai ɗan murfi da ke rufe hanyar iska duk lokacin da aka haɗiye abu. In ya makara, shi ne mutum ya ƙware. Bututun iska yana da zobban guringuntsi da ke hana shi lanƙwashewa. Yana sauka ya rabu biyu, ɗaya zuwa huhun dama mai sassa uku, ɗaya zuwa na hagu mai sassa biyu, don zuciya ta ci masa wuri. Daga nan rassa su yi ta rabuwa, fiye da sau ashirin, har su kai siririn gashi.

A ƙarshen rassan ne ainihin aikin yake. Akwai 'yan mitsi-mitsin buhunan iska, a jikin babba sun haura miliyan 300, kowanne lulluɓe da siraran jijiyoyin jini. Tantanin da ke tsakanin iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ta nan oksijin ke ratsawa ya kama jajayen ƙwayoyin jini, iskar kabon-dayoksaid da jiki ya gama da ita ta ratso ta fito. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda muke fitarwa kuma tana da saura kamar kashi 16. Wannan sauran ne ya sa hura wa wanda numfashinsa ya tsaya iska a baki yake aiki. Ɗanki bai zo duniya da dukan buhunansa ba, kaɗan ya zo da su, sauran suna tsirowa a shekarunsa na farko. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shirun da ya tsorata ki kuwa daga kai yake. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wurin da ke ba da umarnin numfashi, muna barci muna farke, sau dubu ashirin da wani abu a yini ga babba. Abin da ya fi lura da shi yawan kabon-dayoksaid a jini ne: in ya taru, sai a ƙara sauri. Ki gwada riƙe numfashinki ki ji; matsin da zai tilasta miki saki, taruwar wannan iskar ce. A jikin jariri wurin bai gama ƙwarewa a aikinsa ba. Sai ya yi sauri-sauri, ya dakata daƙiƙa biyar zuwa goma, ya ci gaba, launinsa bai canza ba. Wannan ba ciwo ba ne, yana wucewa cikin 'yan watanni. Dakatawar da ta kai daƙiƙa 20, ko wadda leɓe ya yi duhu ko jiki ya saki a cikinta, ita ce ba a jira da ita.

Ki tuna makonni uku kacal da suka wuce huhun nan cike yake da ruwa, ta mabiyiya da cibiya yake samun oksijin daga jininki. Kukan farkon da muke jira a ɗakin haihuwa, kowa ya yi tsit, shi ne buɗewar buhunan nan. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, ban taɓa jin sa hankalina bai kwanta ba. Abin da ke hana buhunan mannewa bayan sun buɗe wani ruwa ne mai santsi kamar sabulu, wanda huhu ke yi a ƙarshen ciki. Bakwaini yakan zo bai tara isasshe ba. A 1959 wata likitar yara a Amurka, Mary Ellen Avery, tare da abokin aikinta suka gano cewa rashinsa ne ke kashe irin waɗannan jarirai. A 1963 ɗan shugaban Amurka Kennedy ya mutu da wannan ciwo kwana biyu da haihuwa, duk da likitocin da ke kansa. Yau ana zuba wa bakwaini ruwan ta bututu ya rayu. Naki ya cika watanninsa, mun gode Allah.

To ga ƙirgar. Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, sabon haihuwa 30 zuwa 60. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da muka yi aiki da shi: ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi sauri; daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50; daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki ƙirga yana kwance lafiya, ba ya kuka ba ya shan nono, kuma minti ɗaya cur da agogo. Kada ki ƙirga rabi ki ninka, tunda kin ga yadda yake yi da tsayawa. In ya kai 60, ki sake. In ya sake kaiwa, ku tafi asibiti.

Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙari. Lokacin da yake jan iska ya kamata wurin ya taso. In kika ga yana lotsawa ciki sosai, ko ƙofofin hanci na buɗewa, ko yana ɗan nishi duk fitar numfashi, ko ya ƙi kama nono, yaro yana wahala. Ki duba harshe da dasashi, sun fi fata saurin nuna duhu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 na Salsiyas a ma'aunin zafin jiki a jaririn da bai kai wata uku ba shi ma na asibiti ne, ko da tsakar dare.

Akwai wata mata da ba na mantawa. Ta shigo da 'yarta 'yar wata huɗu tana ba mu haƙuri, wai mura ce kawai, ita ma don an matsa mata ta zo. Yarinyar ba tari, ba kuka, ta yi lamo a kafaɗa. Na ɗaga rigar, na ga ramin da ke faɗawa ƙarƙashin haƙarƙarinta ya isa in sa yatsu biyu. Na ƙirga 72. Namoniya ce, buhunan sun cika da ruwa da mugunya. Ta kwana biyar da robar oksijin a hanci kafin ta tashi. A gadon kusa kuwa ga wani ƙato yana tsala ihu da majina faca-faca, uwarsa na kuka, muka sallame su kafin azahar. Tun ranar na fi tsoron yaron da ya yi shiru.

Na ce zan dawo kan buhunan da ke tsirowa. Cikin hanyoyin iska akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, kullum suna share majina da datti zuwa sama. Hayaƙin taba yana kashe musu ƙarfi, yaron da ke shaƙar sa kuma ya fi saurin kamuwa da ciwon huhu da asma. Duk wanda zai sha, ko wane ne shi, ya fita waje, ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya ɗauke shi. In kina jin nauyin faɗa, ki ce ni na ce. Wutar gawayi da janareta kuma kada su kwana a rufaffen wuri tare da ku. Suna fitar da wata iska mai guba, kabon-monoksaid, ba launi ba wari, tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, mutum yana barci ya wuce. Wajen kwanciya ki sa shi rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba tulin bargo kusa da fuska. Na san ke a kife na riƙa kwantar da ke, haka aka koya mana a lokacin. Daga baya aka gane kuskure ne. Da Amurka ta yi gangamin kwantar da jarirai rigingine daga 1994, mutuwar fuju'a cikin barci ta ragu da kusan rabi.

Ki nuna wa maigidanki takardar nan shi ma ya koyi ƙirgar, don ba kullum ke ce a farke ba. Wayata a kunne take kwana. In kin kira, ki fara faɗa mini lambar da kika ƙirga, gaisuwa ta biyo baya. Ki shafa mini kan angon nawa.

Taki,
Mahaifiyarki