Godiya Ga Maɗaba'ar Da Ta Rage Wa Kanta Ciniki Domin Mu

Assalamu alaikum, Alhaji, tare da dukkan ma'aikatanka na maɗaba'ar da ke Birnin Kebbi.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a a madadin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa da ke Argungu, domin godiyar da na yi maka a tsaye ranar da na zo ɗaukar kaya ba ta kai girman abin da kuka yi mana ba.

Shekara uku a jere muna kai aikin taronmu na shekara wata maɗaba'a da ba zan kama sunanta ba, kuma kowace shekara da ɓacin rai muke rabuwa. Sai a buga mana ƙaton allon talla na roba, wanda ake kira fleks, da kwanan wata ɓaro-ɓaro a tsakiyarsa, ta yadda ana shafa fatiha ya zama shara. Jakunkunan leda masu tambarinmu kuwa hannunsu kan tsinke tun mahalarta ba su kai tasha ba. Bara kalandarmu ba ta iso ba sai da watan Fabrairu ya kama, ga sunan shugabanmu an rubuta shi ba daidai ba, da na yi magana aka ce mini injin ya riga ya ci takarda. Tsofaffin allunan nan mun shanya shinkafa a kansu har rana ta farfasa su, daga bisani yara suka cinna musu wuta, baƙin hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe unguwa. Robar PVC ce, ba ta ruɓewa a ƙasa, hayaƙinta kuma guba ne.

Da wannan tsohon haushi na shigo wajenku, har na shirya faɗa. Saurayin da ke zaune a gaban kwamfuta ya ba ni kujera, ya duba takardata a tsanake, sannan ya ce, "Baba, wannan allon sau nawa za ku rataya shi?" Na ce sau ɗaya. Ya ce to me zai hana a buga shi a kan akoko ba tare da kwanan wata ba, a riƙa ɗinka ƙaramin ƙyalle mai ɗauke da ranar kowace shekara? Da ya ji mambobinmu ba su wuce 600 ba, ya hana ni buga kalanda 1,000, alhali aljihun maigidansa ne zai ji a jiki. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki da bakinsa ba sai ranar.

Shi ne kuma ya zagaya da ni bayan shago. Na ga guntayen takarda an cusa a buhuna suna jiran masu sarrafa su zuwa kiret ɗin ƙwai, na ga farantan alminiyon da aka gama bugu da su an jera wa masu zuba tukwane, ruwan wankin injin kuma yana cikin jarkoki maimakon a kwarara shi a kwata. Ya ce tawadar kalandarmu ta man waken suya ce, irin wadda jaridun Amurka suka fara amfani da ita a 1987, kuma ta fi sauƙin fita idan za a sake sarrafa takardar. Aikin ya fito ranar da kuka yi alkawari.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki a wurinmu. Fastocin zaɓen 2023 sun daɗe suna yagewa a bangaye babu mai tambaya, kowane biki da suna sai an raba robobi da ledoji masu hoto, ƙarshensu magudanar ruwa. Mu da ambaliyar 2020 ta shanye wa gonaki a fadama mun san abin da ruwa ke yi idan ya rasa hanya. Kogin Matan Fada da muke alfahari da shi, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya bikin cikin al'adun gargajiya na gadon duniya a 2016, mutum ya je bakinsa da rani ya ƙirga ledar da iska ta kai.

Ba zan ɓoye ba, jakar yadin audugar da kuka buga mana ta fi ta leda tsada, kuma sai da ma'ajinmu ya yi gunaguni. Sai dai makon jiya na ga matar wani mamba a kasuwa da ita cike da kayan miya, tambarinmu bai ko dusashe ba. Alhaji, don Allah ka isar wa saurayin nan da gaisuwata, ka ce masa akokon yana ninke a cikin akwati, baɗi ƙaramin ƙyallen kawai zan zo bugawa. Allah Ya ƙara buɗi.

Naka,
Sakataren ƙungiya, Argungu