Wasiƙa daga Tokyo

Tokyo, 28 ga Satumba

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ina iyali? Ya amarya, ya jikin Hajiya? Na san ka cika ka batse, wata huɗu shiru, ga tambayarka ta batun filin nan ban amsa ba.  Amma bari in fara sauke abin da ke raina, don tun makon jiya nake neman wanda zan faɗa wa da Hausa.

Na gan shi da idona! Ƙwayar namijin itacen ginko, tana iyo. Wallahi iyo, kamar talibambam a kududdufi, tana juyawa da gashinta kusan dubu. Ka tuna shekarun da muka yi muna koyar da 'yan aji biyar rabe-raben tsirrai, muna zana masa hoto a allo alhali babu wanda ya taɓa ganin ko ganyensa a cikinmu? To, sati biyu na yi ina yanka 'ya'yansa ɗanye, da safar roba a hannu saboda ruwansu yana sa ƙaiƙayi. Kwanakin ganin ƙwayar 'yan kaɗan ne a farkon Satumba, in suka wuce sai baɗi. Har na fara cire rai. Ranar da ta bayyana a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sai da na tashi na fita waje na yi hamdala.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haƙurin itacen. Namiji daban, mace daban, kamar dabino. Iska ce ke kwaso garin namijin a watan Afrilu, macen ta fitar da ɗan ɗigon ruwa a bakin ƙwanta ta kama shi ta janye ciki. Daga nan sai ya zauna wata huɗu zuwa biyar yana ci daga jikinta kafin ya saki ƙwayoyi biyu su yi iyon da bai kai tsawon kan allura ba. A duk tsirrai masu iri, shi da dangin saikad, masu kama da kwakwa amma ba sa fure, kaɗai suka rage da wannan tsohuwar ɗabi'a. Su fayin, masu ganye kamar allura, sun daina iyo, bututu ke kai musu saƙo, kuma wasunsu sai sun haura shekara kafin a haɗu.

Wanda ya fara gani, Sakugoro Hirase, a 1896, mai zanen hotunan tsirrai ne aka ɗauka aiki a jami'a. Itacen da ya tsinko 'ya'yan yana nan a lambun tsirrai na Koishikawa, nan Tokyo, har gobe. Na je ranar Asabar na daɗe a gindinsa, hannuna a kan ɓawonsa.

Af, wai da gaske ne mai shayinmu ya koma sayar da waya? To ina za ku riƙa zaman dare? Ko dai amarya ta soke zaman gaba ɗaya? Na ga hoton walimar, tumbin nan naka ya riga ka shiga falo.

Tunda na ambaci tumbi, ga wadda za ta kashe maka baki. Kai da kake cewa waɗannan masu tsiraicin iri, wato su ginko, saikad da fayin, kayan ƙasar sanyi ne, ba ruwan ɗan Najeriya da su, miyar afang ɗin da ka dame mu da labarinta bayan bautar ƙasarka a Kalaba fa? Ganyen nan na Gnetum ne, wanda Inyamurai ke kira okazi, mutanen Kamaru su ce eru. Ganyensa mai faɗi kamar na sauran itatuwa, amma ba ya fure, irinsa kuma ba ya cikin ɗan itace. Ɗan gidansu ne. Shekara guda kana tanɗe su da teba! Kuma ɗan'uwansa na kusa shi ne Welwitschia na hamadar Namib, mai ganye biyu tak har ya mutu. Shi kuwa dogon itacen nan mai shewa da iska da muke nuna wa yara a matsayin fayin, kasuwarina ne, mai fure ne, don Allah ka gyara musu. In fayin na gaske kake so su gani, akwai wanda aka dasa a dajin Afaka kusa da Kaduna. A Filato ma akwai saikad ɗinmu na gida, Encephalartos barteri, wanda in ba ka sani ba za ka ɗauka ƙaramin kwakwan manja ne.

Yana damuna ƙwarai. Duka-duka nau'in masu tsiraicin iri bai wuce dubu da 'yan kai ba a duniya, masu fure kuwa wajen dubu ɗari uku. Gida huɗu ne kawai: na fayin, na saikad, na Gnetum, sai ginko shi kaɗai a nasa gidan. Muna da namu a ƙasa, amma littafinmu misalan Turai yake kawowa, yara su haddace su manta. Ina so in na dawo mu ɗauki ɗalibanka a bas mu kai su Afaka. Ka fara lallaɓar shugaban makarantar tun yanzu.

Nan da wata guda 'ya'yan za su fara zuba a titi, an ce warinsu kamar man shanu ya lalace, amma ƙwallon ciki gasa shi suke yi su ci. Na matse maka ganye biyu a cikin littafi, kamar maficin hannu suke. Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina yi mata addu'a. In ka sami mai zuwa, yaji da kuka sun ƙare.

Wassalam,
Naka na kullum