Gaisuwar Babbar Sallah daga Niyu Zilan zuwa Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna da Kawu, da yayyena da ƙannena baki ɗaya. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke a nan. A gaishe mini da Goggo da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi.

Mun riga ku sauka idi, domin agogonmu yana gaban naku da sa'a 11 a wannan lokaci na shekara. Hunturu ne sosai a nan Palmerston North, ga ruwa ga iska, rana kuma kafin ƙarfe 5 ta faɗi. Ba a ba da hutun Sallah a ƙasar, sai da na nemi izini a wurin aiki. Yanka ma doka ba ta bari mutum ya sayo rago yau ya kira mahauci ya yanka masa gobe a gida ba, sai ya yi kwana 28 yana kiwon dabbar da kansa. Shi ya sa na aika wa Yaya kuɗin layyata. Na ga hoton ragon da Kawu ya zaɓo a Kara ta Bukuru, Allah Ya saka da alheri. Inna, don Allah a kai wa maƙwabta rabonsu yadda aka saba, har da na tsallaken titi da ke aiko mana da abinci ranar Kirsimeti.

Baba, kwanaki a waya kun tambaye ni tsakani da Allah wane irin aiki ne wannan da mutum zai gama digirin digirgir kuma a ce har yanzu yana bin shanu a makiyaya. Layi bai bari na ba ku amsa yadda ya kamata ba, tambayar kuma ta tsaya mini a rai.

Kun fi ni sanin yadda saniya ke haɗiye ciyawa ta kwanta tana tuƙa. A cikin tumbinta akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke narkar mata da ciyawar. Wajen narkarwar sai iskar haidurojin ta taru, wasu ƙwayoyin kuma su haɗa ta da iskar kabon su mai da ita iskar metan. Mutane suna zaton ta baya take fita, amma kusan dukanta ta baki ne, cikin gyatsa. Wannan iskar tana riƙe zafin rana a sararin sama. A cikin shekara 20 ta farko ƙarfinta ya ninka na iskar kabon kusan sau 80, sai dai ba ta daɗewa, wajen shekara 12 take yi ta watse. Saboda haka idan aka rage ta yau, mutanen da ke raye yanzu za su ga amfanin, ba sai jikoki ba. Dalilin da ya sa ke nan a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021 ƙasashe sama da 100, har da Najeriya, suka yi alkawarin haɗa hannu a rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Abin da ya fi jan hankalina ni dai shi ne wanda Kawu zai fi kowa ganewa. Wannan iskar abinci ce da ta salwanta. Kimanin kashi 6 cikin 100 na ƙarfin abincin da saniya ta ci yana bin iska, bai zama nama ba, bai zama nono ba. Kamar ka auno mudu 16 na dusa ne, ɗaya ya zube a hanya kafin ka iso gida, kuma kullum haka. Idan ciyawar ta bushe ta yi tauri, asarar ta fi haka.

Ƙasar nan mutanenta miliyan 5 ne da 'yan kai, shanunta kusan miliyan 10, tumaki sun haura miliyan 20. Kusan rabin iskar da take fitarwa mai ɗumama duniya daga noma da kiwo take, arzikinta kuma madara ne da nama. Dokarsu ta 2019 ta ce a rage metan ta dabbobi da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. An so a sa wa manoma kuɗi a kan iskar da dabbobinsu ke fitarwa, suka ƙi, a 2024 gwamnati ta janye maganar. Sai nauyin ya dawo kan masu bincike: a nemo hanyar da makiyayi zai karɓa da hannu biyu don ba ta taɓa masa aljihu ba.

A nan gizo ke saƙar. Magani akwai shi. Akwai wani garin magani da ake kira Bovaer, ana barbaɗa ɗan kaɗan a abinci, yana rage iskar saniyar madara da kusan kashi 30 cikin 100, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022. Akwai wata jar ciyawar teku da a wasu gwaje-gwaje ta rage fiye da kashi 80. Amma duk suna aiki ne ga saniyar da ake ɗaurewa a zuba mata abinci a kwami. Garin maganin nan sa'o'i kaɗan yake yi a tumbi ƙarfinsa ya ƙare, sai an yi ta ba ta tare da kowace loma. To saniyar da ke yini a fili tana figar ciyawa fa, wa zai bi ta da cokali? Shanun nan haka suke, namu na gida ma haka, shanun yawancin duniya ma haka. Wannan matsalar ce aikinmu.

Ana bin ta ta hanyoyi da dama. Wasu suna gwada wata babbar ƙwaya da ake ɗura wa saniya ta zauna a tumbi tana sakin magani a hankali har watanni. Wasu sun daɗe suna neman allurar riga-kafi, har yanzu ba ta fito kasuwa ba. Wadda ta fi burge ni ita ce ta zaɓen iri. An gano cewa tumaki biyu za su ci abinci ɗaya, wata ta fitar da iska ƙasa da 'yar'uwarta, kuma halin yana bin jini. Aka yi ta haɗa masu ƙarancin iska da junansu, yanzu a ƙasar nan makiyayi yana iya zaɓen ragon barbara da wannan siffar. Ba wani abu ba ne face abin da Fulani ke yi tun kaka da kakanni idan suna zaɓen bijimi, sai dai an ƙara masa awo.

Ni ɓangarena ciyawa ne da awo. Muna da wata na'ura mai suna GreenFeed da ake jan ta a kai tsakiyar makiyaya. Saniya ta zura kai, na'urar ta karanta lambar da ke kunnenta, ta zubo mata ɗan abinci kaɗan-kaɗan don ta tsaya, fanka kuma tana zuƙe numfashinta tana aunawa. Minti 3 ko fiye ake so ta yi a ciki. Baba, da za ku ga halinsu sai ku ce na gida ne. Akwai mai wayon da ta gane lokacin da na'urar ke sake buɗe mata rabo, tana tsaye tana jira. Akwai mai tsoro da sai an yi ta lallashi kafin ta kusanto. Da asuba nake fita da dogon takalmin roba, in yanki ciyawa in auna, in busar, in kai ɗakin gwaje-gwaje, sauran yinin kuma ina gaban kwamfuta ina lissafi. A watan nan an daina tatsar yawancin shanun, suna hutawa kafin haihuwa a ƙarshen Yuli, shi ya sa na sami sararin rubuta muku doguwar wasiƙa.

Inna ta tambaya ko an tabbatar da ni a aiki. A'a Inna, irin wannan matsayi ba a tabbatar da mutum. Ni ba ɗalibi ba ne, albashi ake biyana, amma kwantiragi ne na shekara 2 ko 3 da ke rataye a kan kuɗin tallafin bincike. Idan kuɗin ya ƙare sai a nemi wani, wataƙila a Ailan ko Ostareliya. Abin da ake duba mutum da shi kuwa sakamakon da ya wallafa a mujallun masana. Akwai wahala, musamman ga mai iyali, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani dare tunanin abin yana hana ni barci. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Amma zuciyata tana gida. Najeriya tana da shanu sama da miliyan 20, kuma lissafin iskarsu yawanci ƙiyasi ne, ba awo a kan shanunmu irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji suna cin ciyawarmu ba. A Nairobi cibiyar binciken dabbobi ta duniya tana da ɗakunan da ake saka saniya a auna numfashinta. Mu ma muna da inda za a dasa wannan aiki: ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a bayan gidanmu tun 1924, ga ta binciken kiwo a Shika kusa da Zariya, ga sabuwar ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka kafa a 2024. Ina jin zafi idan aka zauna taro ana ɗora wa makiyayin Afirka laifi, alhali nahiyar gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na hayaƙin mai da gawayi. Wanda bai auna nasa ba kuwa, abin da aka rubuta masa shi zai karɓa.

Kuma gyaran namu ba sai da maganin waje ba. Saniyar ƙasar nan tana ba da madara sama da lita 4,000 a shekara, tamu da ƙyar a tatsi lita 1 ko 2 a rana. Tamu tana ramewa da rani, ta daɗe ba ta haihu ba, amma duk tsawon lokacin tana fitar da iska. A ba ta harawa da dusa da 'ya'yan gawo a watannin yunwa, a yi mata allura, a raba ta da kaska da tsutsar ciki, sai nono ya ƙaru, iskar da ke kan kowace lita ta ragu. A shekarun 1980 an gwada killace fili a shuka ciyawar ajiya don rani a yankin Kachiya, ilimin yana nan a rubuce. Bagaruwar da majema ke jima da ita ma, sinadarin da ke cikinta yana daga abin da ake nazari, don irinsa yana rage iskar idan bai yi yawa ba. Garken da ya ƙoshi a kusa da gida kuma ba ya ratsa gonar kowa, mu mutanen Filato mun san abin da wannan ke nufi.

Auta, ke da kike ajin ƙarshe a fannin kimiyyar dabbobi, ki riƙe darasin ƙididdiga da na abincin dabbobi da kyau, su ne jarin wannan aiki. Kada ki raina zuwa ruga, ki koyi Fulatanci gwargwadon iko. Turo mini abin da kika rubuta na aikin kammala karatu in duba miki kafin ki miƙa.

Kawu, ina roƙon alfarma. Idan kasuwa ta lafa bayan Sallah, a tambayar mini masu shanu waɗanne ganyaye da 'ya'yan itatuwa suke ba su daga Fabrairu zuwa saukar ruwa, da wanda suka ga ya fi sa nono. Auta ta rubuta sunayen yadda suka faɗa, ina so in sa su cikin takardar neman tallafin da nake shiryawa.

Mai ɗakina tana gaishe ku da kyau, yara ma suna ta tambayar Kaka. A gaida Liman da mutanen unguwa. Allah Ya zaunar da Jos da Najeriya lafiya, Ya ba da damina mai albarka, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya.

Wassalam,
Ɗanku.