Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Zamfara: A Rubuta Sunayen Mamatanmu

Mai girma Gwamna Dauda Lawal, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ba labarin 'yan bindiga zan ba ka ba, ka fi ni sani. Maganar mamatanmu ce ta hana ni barci.

A watan Janairun 2022 da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutanen yankin sun ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin wancan lokaci ta ce 58 ne. Har yau ina tambayar kaina, sauran fa? Su wane ne? Kowannensu yana da uwar da ta goya shi, yana da rumbun da ya cika bai ci ba. Haka aka yi a 'Yar Galadima a 2014, kowa da nasa adadi.

Da can mutum ɗaya ya rasu, gari ya yi tsit. A yi zaman makoki, a yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Yanzu gawarwaki ake jerawa a sahu, liman ya yi kabbara huɗu ana waiwayen bakin daji, a haƙa rami ɗaya a rufe. Kafin a yi sadakar uku, wani ƙauyen ya shiga nasa. Na taɓa zuwa gaisuwa wani gida, maigidan ya tambaye ni ko ta ƙanensa na zo yi ko ta ɗansa. Na rasa bakin magana.

Kuma in faɗi abin da wasu ba sa son ji: a rugage ma akwai mata masu takaba, waɗanda 'yan sa kai suka tare mazansu a hanyar kasuwa alhali ba su taɓa riƙe bindiga ba. Su ko cikin lissafin da ake gardama a kai ba sa shiga.

Mun ga Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma da ka kafa a 2024, Allah ya dafa musu. Roƙona bai kai wannan tsada ba. Ka umarci sarakuna da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo da limamai su buɗe littafi a ƙananan hukumomi 14, a rubuta sunan duk wanda aka kashe, sunan mahaifinsa, garinsu, ranar, da marayun da ya bari. Da shi hukumar zakka da waƙafi za ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

A hanzarta, ranka ya daɗe. Tsofaffin da suka riƙe sunayen nan a ka suna ta ƙarewa, wasunsu kuma na nan suna bara a titunan Gusau.

Wassalam,
Wani malamin firamare daga Anka