Ƙarar kunne: a daina saida muna maganin da ba a gano ba tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki ya zafi, Allah shi ƙara ma jaridarku albarka.

Abin da ya sa na ɗauko waya na rubuto maka, ranar kasuwa da ta wuce na tsaya sayen albasa nan Tawa sai ga wani mai magani ya ɗaura lasifika bisa mota ya ƙure ta har ƙirjin mutum na rawa, wai shina da ruwan da ake ɗigawa a kunne, kwana 3 ƙarar kunne ta ɗauke har abada, kwalba jika 2. Ina tsaye wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta biya. Abin dariya abin haushi, lasifikar tashi kaɗai ta isa ta sa ma mai lafiya ciwon da yake cewa shina warkarwa.

Ni shekara 9 ke nan ina tare da wanga abu. Injin niƙa na riƙe tun ina saurayi, daga safe har magariba kai cikin ruri, ba wanda ya taɓa ce min in toshe kunne. Yanzu kamar gyare ya shiga kunnena na hagu ya gina ɗaki, da rana hayaniyar gari na rufe shi, amma da dare in aka ɗauke kuran fanka ta tsaya, to nan ne yake buɗe baki, wallahi akwai daren da na tada uwargida na ce kina ji? ta ce mi zan ji, kwanta malam. Ba abin da ban zuba ba, man shanu, ruwan albasa, hayaƙi, wasu sun ce iskoki ne wasu sun ce tansiyo, har wasu ƙwayoyi na saya ta WhatsApp jika 35 da aka ce daga waje suka zo. Kuɗin sun tafi, gyare na nan.

Ɗan ƙanena da ke karatun likita a Yamai shi ya matsa sai da na je wajen likitan kunne. Aka sa ni wani ɗan ɗaki aka kafa min abin saurare, duk sautin da na ji in danna, sai takarda ta nuna siraran sautuka duk sun ɓace min ban ma sani ba. Lokotoron ya ce akufen sunan abin da Faransanci, kuma ƙarar ba daga waje take ba, ƙananan gashin da ke can cikin kunne ne injin ya kashe, su kuma ba su sake tsirowa, sai ƙwaƙwalwa ta ji saƙo ya ragu ta ƙara murya da kanta, kamar rediyon da ya rasa tasha ka ƙure shi sai shuuu. Ranar na fahimci mi ya sa ɗigo ba ya kai wurin.

Daga nan yaron ya dinga turo min abin da masu bincike suka yi shina fassara min, kuma shi nike so masu karatu su ji. Wani babban lissafi da aka buga a 2022 ya ce wajen kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna da ƙarar kunne, mutum sama da miliyan 740, to ka ga ba ciwon ƙauye ba ne, kamfanoni na neman maganin ido rufe don sun san akwai kuɗi ciki. Amma har yau hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ƙwaya ko allura ko ɗigo ko guda ba a matsayin maganinta. An gwada wani da ake ma allura cikin kunne, AM-101, ya faɗi a 2016, wani OTO-313 shi ma ya faɗi a 2022. Ganyen ginko kuwa, wanda na ga sunanshi jikin kwalbar da na saya, tun 2001 aka gwada shi a Ingila kan mutum 1,121, rabi aka ba su na gaske rabi ƙwayar banza mai kama da shi ba tare da sun sani ba, da aka gama sai aka ga duk ɗaya. Nan ne dabarar take Malam Edita, ƙarar nan da kanta tana hawa tana sauka, yau da sauƙi gobe ta taso, in ka sha abu ya dace da ranar sauƙi sai ka rantse shi ne, mai lasifika kuma ya samu shaida kyauta.

Abin da ya ɗan ba ni fata wata na'ura ce, Lenire, ta wani kamfani na ƙasar Ayalan. Ka sa abin saurare shina kaɗa maka sautuka, ka ɗora wani ɗan ƙarfe bisa harshe shina ɗan tsikararka da lantarki, wajen awa guda kullum har sati 12, wai don a koya ma ƙwaƙwalwa ta daina ba ƙarar muhimmanci. An gwada ta kan mutum 326 a Ayalan da Jamus aka buga sakamakon a 2020, da yawa sun ce damuwar ta ragu, Amurka ta ba ta izini a watan Maris na 2023. Wata farfesa Susan Shore a jami'ar Mishigan ita ma ta gwada mai kama da ita kan mutum 99, tata a kumatu ko wuya ake mannawa. To amma ko su ba su ce ƙarar ta mutu ba, ragewa suka ce. Kuɗin Lenire kuma wajen dala 4,000 ne, dalar Amurka fa ba tamu ta tamma biyar ba, sama da miliyan 2 na sefa ke nan, sai in saida injin da filin duka.

Wanda ya fi samun shaida kuwa, da yaron ya faɗa min sai da na ji haushi, wai zama da masanin halayyar ɗan Adam a koya ma mutum yadda zai daina tsoron ƙarar. Na ce ni ba taɓin hankali gare ni ba. Amma a 2020 an tattara gwaji 28 na mutum 2,733 aka ga wanga zama shina rage ƙuncin da gaske, ko da ƙarar tana nan. Kuma in faɗi gaskiya, tun ranar da lokotoro ya ce min ba ciwon da zai kashe ni ba ne na fara samun barci. Yanzu ƙaramin rediyo nike bari can ƙasa ƙasa kusa da matashi.

Roƙona ga malaman jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ɗalibansu na likita, waɗannan gwaje-gwajen da na lissafa galibi kan mutanen Turai da Amurka aka yi su, mu kuwa namu sanadin daban. Injin niƙa, gurup mai ba da wuta, masu walda, yaranmu da ke zuwa haƙar zinariya, sankarau da ke barin mutum da kurumta, allurai irin su jantamisin da ake yi ba bisa odinansin likita ba, ga kinin da kowa ya san yadda yake sa kunne kuka. Na kinin yawanci shina wucewa in an gama sha, kar wani ya ce na hana shi maganin palu. A zo a auna kunnuwanmu a ƙirga mu, ni na farko zan ba da nawa.

Wanda kuma tashi ƙarar ke bugawa tare da zuciya, ko kunne guda ne kawai, ko ji ya ɗauke mishi farat ɗaya, kar ya tsaya ɗiga komi, ya tafi likita ranar.

Yaron da ke riƙe min injin yanzu na sayo mishi abin toshe kunne a farmasi, kwana biyu ya sa ya cire, wai mata na mishi dariya kuma ba ya jin kuɗin da suke faɗi. Jiya na tarar da su rataye bisa ƙusa duk gari ya rufe su.

Naka mai karatu,
wani tsohon mai injin niƙa, Tawa