Maƙwaƙƙwafin da ya sauko ƙasa

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya sanyin Ingila, ya karatu, ya kewar gida? Mu nan Daura Alhamdulillahi, an gama kaka, gero ya shiga rumbu, wake ma an samu bakin gwargwado, hunturu kuma ya fara kaɗawa da asuba. Jiya na leƙa na gaida Hajiya, lafiyarta ƙalau, ta ce in faɗa maka ka riƙa kiranta ran Juma'a ko na minti biyar ne.

Bidiyon nan da ka turo min ta WhatsApp sai shekaranjiya ya buɗe saboda netwok. Kana tambaya wai wane irin tsuntsu ne wannan kore mai jan kai da yake ta caccakar ciyawa a bayan gidan da kake haya. Wallahi kallo ɗaya na yi masa na ce ai maƙwaƙƙwafi ne! Na san za ka ce haba, maƙwaƙƙwafi a ƙasa? Don mu tun muna yara muna yawo da danƙo a bayan gari abin da muka sani shi ne ka ji ƙwas ƙwas ƙwas a saman itace, ka ɗaga kai ka hango shi manne da reshe. To shi wannan naku na can tururuwa ce abincinsa, shi ya sa ya fi zama a ƙasa, harshensa kaɗai ya kai santimita 10, ga yauƙi, sai ya huda gidan tururuwa da baki ya zura harshen ya janyo su manne a jiki. Harshen nan don tsawo sai ya zagaye ƙoƙon kai ta baya sannan yake samun wurin zama, Allah mai iko.

Abin da ya sa na ce sai na rubuto maka doguwar wasiƙa shi ne mu ma muna da irinsa, ba mu dai kula ba ne. Ka tuna gawon nan na kan iyakar gonarmu ta hanyar Mai'adua, wanda muke shan fura a gindinsa? Bana lokacin da ake ɗaurin dami na zauna can ina jiran amalanke, sai ga wani ya dira a ƙasa kusa da saiwar, bayansa kore-kore, cikinsa fari-fari da ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana kamar an yayyafa masa tawada, saman kansa ja. Bai iya tafiya irin ta kurciya ba, tsalle yake yi ɗaya biyu ya tsaya, don ƙafarsa ta kama itace ce, yatsu biyu gaba biyu baya, jelar kuma mai tauri ce da ita yake tokarewa in yana hawa. Ya samu layin tururuwa ya bi shi har bakin rami, ya ɗan tona da baki, sai ka ga kan ya tsaya cak amma maƙogwaro yana motsi, ashe harshe ne ke aiki a ciki. Ba ya minti guda bai ɗago ya duba sama ya duba gefe ba, ai ka san a ƙasa ba shi da mafaka, ga shirwa ga kyanwar daji ga yara. Da na ɗan motsa ƙafa sai fir ya haye jikin gawon, ya zagaya ta ɗaya gefen ya ɓuya, can sai ya leƙo da rabin kai yana duba ko na tafi. Na yi shiru kamar ba ni nan, bai jima ba ya sake saukowa wurin dai da ya bari.

Tun daga ranar nake zuwa da sassafe. Na lura har gara yake ci, ka san yadda take yaɓe gindin itace da jar ƙasa ta yi hanya a ciki, to shi sai ya bi ya ɓanɓare yaɓen nan ya lashe abin da ke ƙarƙashi, kututturen da ya ruɓe kuwa nan ne kasuwarsa. Akwai kuma ɗayan mai tokar kai da ja a gindin jela, shi ya fi son sama, can cikin rassa yake neman tsutsar da ke cin itace. A Afirka ta Kudu da Lesotho ma akwai wani da ya bar itace gaba ɗaya, cikin duwatsu yake kiwo, gidansa ma rami yake haƙawa a jikin gaɓar ƙasa.

Abu ɗaya ke damuna. Masu itace da masu gawayi ba sa barin busasshen reshe yanzu, kututture ma sai an tone shi, alhali a irin wannan itacen yake sassaƙa ramin da zai yi ƙwai. Ga feshi da muke yi wa wake, wani har gidan tururuwa yake bi ya zuba magani. Ni dai na hana a taɓa kututture biyun da ke gefen gawon, ƙanena ya yi ta mita wai itacen girki ne na wata guda, na ce a bar su.

Don Allah in ka sake ganin naka kada ka matsa kusa, ka tsaya ta taga ka ɗauka. In ya tashi ka je inda ya tona ka duba kashinsa, za ka gan shi kamar guntun sigari mai toka, ka murje shi da tsinke, ɓawon tururuwa ne zalla a ciki. Kuma ka kasa kunne ka ji kukansa, kamar mutum ne ke ƙyalƙyala dariya, ka naɗo min shi in kwatanta da namu.

Ka gaida maiɗakinka da yara, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
abokinka daga Daura